Shekarar Turin Gwaggo

Abin da na ɗora a sikeli a waccan shekarar ba shi da wuyar lissafi. A gefe ɗaya akwai takin zamani na gonakina uku, da gaisuwar kawunku Ɗanlami, da kwanciyar hankalin gidana. A ɗaya gefen kuwa kujera ce guda tal, wadda sosonta ya cinye har ƙarfe na taɓa mutum, a gidan gaba na wata tsohuwar bas da ba ta tashi sai an tura. Na zaɓi kujerar. Daga nan sunan Mai Turi ya samo asali, sunan da na san wasunku sun yi dambe a kansa a firamare. Yanzu jikoki sun fara tambaya, kuma na ji ana ba su labarin a karkace, wai karen mota na yi, wai kuma jam'iyya na ci wa amana. Gara ku ji daga bakina.

Sana'ata a lokacin ƙwan zabi ce da damina, kaji da tattabaru da rani. Da yamma in zaga ƙauyukan da ke kewaye da mu gida-gida, mata su aiko da ƙwarya zaure, in ɗaga kowane ƙwai in duba shi a hasken rana, in jera a kwando da ƙaiƙayi a tsakani. Ran Lahadi in cike a kasuwar Ɗanbatta. Da sassafe kuma sai birni, inda masu shayi ke jirana a Ƙofar Ruwa. Shekarun da ake kira na tsuke bakin aljihu ke nan. Sabulu ya zama abin ɓoyewa, gidajen mai sun zama wurin zaman dirshan, titi kuma ya farfashe, ba mai waiwayarsa. Mai ƙwai ba abin da yake tsoro kamar rami da direba mai gaggawa, shi ya sa na liƙe wa Isuhu. Isuhu mutumin Tsanyawa ne da aure ya zaunar da shi a garinmu, kuma motarsa ita muke ce wa Gwaggo, saboda tsufa da yawan tari da safe. Ya san kowane rami tun daga tasharmu har Kurna, wasu har suna ya raɗa musu. Yakan lallaɓa ya shiga, ya lallaɓa ya fita, kamar mai ɗauke da jariri. Ba ya ɗaukar yaron mota, ya ce bakunan da yake ciyarwa a gida sun ishe shi. Don haka ni ke zama kusa da shi da kwando a cinya, ni ke murɗa rediyon da ya ɗaure da roba a gaban mota, ni ke sauka in ja ƙofa idan ta cije.

Fasinjojin kusan mu ɗin ne dai kullum. Akwai teloli da masu gwari da wani maƙeri, amma biyu ne ba zan manta ba. Malam Lawal akawu ne a wani ofishin gwamnati, kuɗin haya ya koro shi daga birni ya dawo gidan mahaifinsa, ya zama kullum sai ya je ya dawo. Iya Kande kuma tsohuwa ce mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, bakinta ya fi reza. Da kik ɗin Gwaggo ya mutu, kayan gyara kuma suka gagari talaka, sai turi ya zama abin rigima kowace safiya: wannan ya ce bayansa, wancan ya ce rigarsa sabon guga ce. Malam Lawal ne ya kawo doka. Kafin wasan ƙwallon ƙarshen mako da ake sawa a rediyo, kowa ya faɗi ɓangarensa a gaban shaidu. Waɗanda aka ci su za su yi turi har mako ya zagayo. In an tashi kunnen doki, kowa ya sauko. Iya Kande in an ci nata, ta fanshi kanta da ƙuli-ƙuli. Wallahi mutanen da ba su taɓa ganin filin wasa ba sai ga su sun san sunan mai tsaron gida. Maƙerin nan da ya rantse shi ban da dambe ba ya kallon komai, ya ce ƙato ashirin da biyu su bi fata ɗaya rashin aikin yi ne, shi ya fi kowa kasa kunne.

Mutum ɗaya ne doka ba ta hau kansa ba. Wata Litinin da aka lallasa ƙungiyar Isuhu, muka taru a ƙofarsa.

"Sauko, yau ranarka ce," in ji Malam Lawal.

"To in na sauko wa zai riƙe sitiyari?"

Iya Kande ta leƙo ta taga ta ce, "Ku ƙyale shi, ai Gwamnati ne. An ci yana sama, ba a ci ba yana sama. Mu ne na turi."

Tun daga ranar ba wanda ya sake kiransa Isuhu a cikin motar.

Sai ga shekarar zaɓe. Jam'iyyu biyu ne kacal, soja ne suka yanka su kamar yadi suka ce kowa ya ɗauki ɗaya. Ni ina ta su kawunku Ɗanlami, yayan mahaifiyarku, wanda shi ne shugaban jam'iyyar a mazaɓarmu. Isuhu da Iya Kande suna ɗayar. Malam Lawal ya ce shi ba ya ko'ina, domin bai taɓa ganin wanda ya hau kujera da bindiga ya sauka saboda takarda ba. Daga tasha har Dawanau gardama ce, daga Dawanau zuwa Ƙofar Ruwa sulhu, saboda kowa zai kama gabansa kuma da yamma motar ce dai za ta mayar da mu. Ra'ayina a lokacin shi ne ra'ayina yau. Ni ma'aunin gwamnati a wurina ƙwai ne. Wadda ta sa na isa birni ba fasasshe ko ɗaya, da man da ba a wurin 'yan bumburutu aka saya ba, ita ce tawa, ko daga wace kusurwa shugabanta ya fito. Na bi jam'iyyarmu ne don ɗan takararmu ya fi yi mini kama da wanda zai tuna da titi.

"Titi?" Isuhu yakan ce. "Naku ko kwalbatin ƙofar gidansa bai gyara ba!"

"Naku kuma ya taɓa ganin zabuwa da idonsa?"

"Ku dai yi ta yi," in ji Malam Lawal. "Masu kaki na jin ku."

Muka ƙulla cewa zaɓen ma a kan doka zai hau: ɓangaren da ya faɗi shi ke da turi har ƙarshen damina. Aka tafa, Iya Kande ta raba ƙuli-ƙuli a matsayin goro.

Matsalar daga fasta ta taso. Isuhu ya liƙa hoton ɗan takararsu a ƙofar baya, ya ce rabi don ƙauna, rabi don toshe hudar tsatsa. Daidai inda mai turi ke dafawa ke nan. A makon aka ci ƙungiyata, na tattare riga, na kafa hannu biyu a kan hoton, ina nishi ina kiran sunan Allah. Sai ga sabuwar bas ɗin jam'iyyarmu ta zo wucewa da lasifika a kanta, kawunku a gidan gaba. Bayan la'asar ya yi sallama a zaurena. Ko ruwan da aka kawo bai taɓa ba.

"Sa'idu, da idona na gani. Hannunka biyu a fuskar mutumin can, kana tura shi gaba, har da gumi."

"Yaya, mota nake turawa. Biyu da nema aka ci mu."

"Kada ka kawo mini wasa. A ofis yau ba a kira ni da sunana ba, sai surukin mai turi. Taki ya iso, ta hannuna za a raba, kuma na so ka zama na farko. Amma ba zan iya kallon idon mutane in miƙa wa mai tura motar 'yan adawa ba. Ga motarmu nan sabuwa fil, man jam'iyya take sha. Ka koma cikinta, magana ta ƙare."

Ku sani kawunku ba mugu ba ne. Shi ma akwai masu danna shi daga sama, kuma a shekarar buhun taki a kasuwa sai mai shanu. Ƙasarmu kuwa kun san ta, gona na jingine da gona, ba saura, ba hutu, in ba ka ba ta ba ba za ta ba ka ba. Ni ɗan kasuwa ne, ba na ƙin haja ban taɓa ba. Washegari na ɗauki ƙaramin kwando na shiga motar jam'iyya. Yaron da ke ja bai san birki ba sai ya ga mutum. Lasifika na bisa kanmu, cikin motar kuma kowa na faɗin abin da na kusa da shi ya faɗa, ba mai cewa a'a, har barci ya fara ɗaukata duk da tsalle-tsallen. Na isa birni da ciwon kai da gwaiduwa a wando. Amma ba wannan ne ya yanke mini shawara ba. Da muka fito daga tasha na hango Gwaggo a ƙarƙashin ɗorawa, Malam Lawal da wani dattijon tela su biyu suna fama, ta ƙi motsi, kujerata kuma ba kowa. An ce mini wani ya zo zai zauna, Isuhu ya ce da mai ita.

Da na gaya wa mahaifiyarku na koma Gwaggo, tana tankaɗe ne. Ta ajiye rariya.

"Malam, kujera za mu ci da kaka?"

"Hadiza, fasta ruwa biyu zai wanke ta. Ramukan nan kuwa suna nan bayan zaɓe, kuma mutum ɗaya ne ya san su. Ƙuri'ata tasu ce, ban hana su ba. Amma in yau an zaɓa mini motar shiga, gobe za a zaɓa mini wanda zan gaisar."

"Yayana ne fa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba."

"Na sani. Ban ce ki daina zuwa gidansa ba."

Ba ta yi yaji ba, ba ta rage mini miya ba. Abin da ta yi ya fi haka ciwo: ta daina yi mini magana kai tsaye. Ina zaune a gabanta za ta ce, "Amina, ce wa babanki ruwan wanka ya yi." Ke Amina kina da wayo a lokacin, kin sha kai saƙo tsakanin mutum biyu da ke kan tabarma ɗaya. Aka raba taki, jakai da amalanke suka yi ta wucewa ta ƙofar gidana, ko mudu ban samu ba.

Ranar zaɓe na je na jefa wa jam'iyyarmu, ku rubuta wannan ku ajiye. Da sakamako ya fara fitowa kaɗan-kaɗan, sai ya nuna su Isuhu ne a gaba. Kullum da safe sai ya taɓa dantsena ya ce in ƙara cin tuwo, damina da tsawo. Na haƙura, har na sa an yi mini takalmin taya mai kama ƙasa. Muna hanyar dawowa wata yamma, mun wuce Dawanau, na murɗa rediyo don labarai, sai muka ji an ce an soke zaɓen gaba ɗaya. Babu wanda ya ci, babu wanda ya faɗi. Malam Lawal da ya yi ta faɗa mana haka za a yi, shi ya fi kowa ɓacin rai. Ashe ya je ya yi zaɓen a ɓoye.

Da safe muka taru a ƙarƙashin ɗorawa, kowa na kallon kowa. Doka ba ta san da wannan ba.

"Kunnen doki ne, kowa ya sauko," in ji maƙeri.

"Ba kunnen doki ba ne," na ce. "A ƙwallo ko an zalunce ka, in alƙali ya hura usur an tashi, gobe ka san matsayinka. Wannan alƙalin ne ya ɗauke ƙwallon ya sa a aljihu ya tafi gida."

Sai muka ji ƙofar direba ta yi ƙara. Isuhu ya sauko, ya naɗe hannun riga.

"Yau dai Gwamnati zai yi turi, ko da na mota ne. Sa'idu, hau. Shekara nawa kana kallon ƙafata. Giya biyu, ka danne kuloci, in na ce saki ka saki a hankali."

Har Iya Kande ta sauko ta ɗaura ɗamara. Na ɗora kwandona a kujerata, na kama sitiyari kamar mai riƙe da maciji. Suka tura da kabbara. Da Isuhu ya yi ihu ya ce saki, sai na ɗauke ƙafar gaba ɗaya. Gwaggo ta yi tsalle kamar akuya, ta yi tari, ta kama, kwando kuma ya kife a ƙasan mota. Ina jin Iya Kande a baya tana cewa, "Kun gani ko? Farar hula ya karɓi mulki, ya fara da fasa ƙwai!" Mutanen da suka kwana da baƙin ciki suka yi dariya har da riƙe ciki. Ƙwayayen da suka tsage ba su zube ba muka tsince su, muka tsaya wurin mai shayi a hanya aka soya mana, 'yan jam'iyya biyu da marar jam'iyya a faranti ɗaya. Ban taɓa cin asara mai daɗin wannan ba.

Amma gona ba ta san dariya ba. Gerona ya fito rawaya, siriri, na maƙwabta kuma baƙi ƙirin don ƙoshi. Iya Kande ce ta ce mini akwai gidan kiwon kajin turawa a bayan Dawanau inda take kai ƙuli, kashin kaji ya taru ya yi tsauni, neman mai kwashewa suke yi. Isuhu ya yarda a riƙa ɗaure buhu biyu-uku a saman mota in za mu dawo. Fasinjoji suka yi ta tsine mini suna toshe hanci, Malam Lawal ya ce zai kai ƙara ofishin tsafta, amma shi ke miƙa mini igiya. Gero ya riga ya wuce, sai dai dawa da wake sun farfaɗo. Da kaka abin da na ɗaure na gero bai kai rabin na bara ba. Na sayar da tumakin da nake ji da su na cike rumbu. A ranar ne mahaifiyarku ta yi mini magana ba ɗan aike, ta ce, "Ga kujerarka nan a kwano, ci." Na jawo kwano na ci.

Bayan kaka soja suka rushe jam'iyyun duka biyu. Sabuwar bas mai lasifika ta ɓace kamar ba a taɓa yin ta ba, mai ya sake ƙamfa, motocin tasharmu suka kwanta sai Gwaggo, don Isuhu ya iya lallashinta da galan guda. Wata safiya, a makon da ni ke da turi, na iso na tarar da kawunku Ɗanlami a tsaye da 'yar jakarsa, zai je birni dubo mara lafiya. Tun ranar zauren ba mu haɗa ido ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a ciki. Isuhu ya ce a ba shi kujerata. Iya Kande ta ce ita ba ta san wannan ba.

"Alhaji, a motar nan sai ka faɗi ƙungiyarka."

"Ni ba na kallon ƙwallo, Iya."

"To taka ƙungiyar ai an rushe ta. Wanda ba shi da ƙungiya, baya yake zuwa."

Na ce a bar shi, girmansa ya wuce haka, ni zan yi nasa. Ya dube ni, ya dubi ƙofar baya, inda ruwa ya wanke hoton nan saura farar takarda da hudar tsatsa. Sai ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa Iya Kande ta taga, ya zo ya tsaya a hagu da ni.

"Ina ake dafawa?"

"Nan, Yaya. Daidai inda fuskar take."

Dariya ta ƙwace masa har ya kasa turin, sai da Isuhu ya leƙo ya ce Gwamnati na jira. Kafin mu kai Dawanau kawunku yana gardama da maƙeri a kan dambe. Da damina ta zagayo, shi ne na farko da ya aiko a kai masa kashin kaji, daga shi kuma gari ya biyo, har ta kai ni ga ɗaukar babbar mota. Sana'ar takin da ta yi muku makaranta, ta kai ni Makka ni da mahaifiyarku, a saman Gwaggo ta fara.

To ga lissafin. Na rasa fiye da rabin geron shekara, da tumakina, da kwando guda na ƙwai, da muryar matata na tsawon damina, kuma wannan na ƙarshen shi ya fi tsada. Na samu sana'a, na riƙe abokai har ƙasa ta raba mu, kuma ba wanda ya sake gaya mini motar da zan shiga. Titin ma an gyara shi daga baya, ya sake fashewa, an sake gyarawa. Sunan kuwa kada ku ƙara yin faɗa a kansa. Duk wanda ya ce muku 'ya'yan Mai Turi, ku amsa da ƙarfi, ku gaya masa kawunku Ɗanlami ne a hagu.